Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa 'Yan Tsana da Wasa da Su a Gaban Kyamara

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin ɗaliban aikin jarida, da malaman firamare da na Islamiyya, da matasan da ke ɗaukar bidiyo da waya a nan Sakkwato, duk lokacin da aka zauna zancen 'yan tsanan talabijin. An fara da tambayoyin sabon shiga, sannan aka gangara zuwa na cikin sana'a.

Wace irin 'yar tsana ake nufi? Irin wadda yara mata ke goyawa ce?

A'a, wannan cikinta rami ne. Mutum yana zura hannunsa tun daga ƙasanta har cikin kai, yatsu huɗu su kama leɓen sama, babban yatsa ya kama haɓa. Da haka take buɗe baki, ta juya wuya, ta kalli mai yi mata magana. Hannayenta kuma da siraran ƙarafa ake motsa su, waɗanda aka kafa a wuyan hannunta, mai wasan yana riƙe da su da ɗaya hannunsa. Yawancinsu a ƙugu suka tsaya, ba su da ƙafafu, domin kyamara ba ta sauka ƙasa da nan.

Wannan ba al'adar Turawa ba ce aka kwaso?

Tun kafin a san talabijin akwai masu dabo-dabo a ƙasar Hausa, kuma a Nijar 'yan tsanan nasu ɗiyan dabo ake ce musu. Mai wasa yakan lulluɓa babbar riga a kan sanduna, ya shige ciki, ya riƙa fito da su ta wuyan rigar suna magana da wata siririyar murya da yake yi da ɗan abin da ya saka a baki. A Borno ana kiran irin wannan wasa dogodogo. Tibi na jihar Binuwai suna da Kwagh-hir, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na duniya a 2019.

A talabijin ma ƙasar nan ba baƙuwa ba ce. A 2011 tashar NTA ta fara nuna shirin yara mai suna Sesame Square, da 'yan tsana biyu, Kami da Zobi mai son doya. Abin da ya rage shi ne yaron Gidan Igwai ko na Wamakko ya ga wadda aka ɗinka a garinsu, tana magana da irin bakinsa.

Malam, ya halatta kuwa? Ba sura ba ce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a gari irin namu, kuma bai kamata a yi mata amsar wucewa ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a cikinsu har da doki mai fukafukai biyu da aka yi da ƙyalle. Haka kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda sahabbai mata ke yi wa yara abin wasa da ulu, don ya ɗauke musu hankali daga abinci a azumin Ashura.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita muka tashi a kai, surar da aka haramta ita ce ta abu mai rai, mai inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika, kuma an keɓe 'yan tsanan wasan yara daga wannan hukunci. Wadda muke magana a kai ba ta da ƙafafu, ba ta da ciki, ƙasanta a buɗe yake. Duk da haka akwai malaman da suka tsananta a kan duk wani abu mai kama da mutum, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne.

Shawarata ita ce ka ɗauki 'yar tsanar da kanta ka kai wa malamin da kake karatu a wurinsa, ya gan ta ciki da waje, ka kuma gaya masa abin da za ta koyar. Fatawa aikin malamai ce, kuma wanda ya ga abu da idonsa ya fi wanda aka kwatanta wa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da siffar mutum ba yana da wata hanya: a kan sa wa buta, ko tulu, ko littafi, ko buroshin haƙori ido da baki, su yi magana, yara kuma su karɓe su hannu bibbiyu.

Me ya bambanta wasan talabijin da na dandali?

A dandali mai wasa yana ɓuya a bayan labule ko akwati, 'yan kallo suna nesa. Jim Henson na Amurka ne ya yi fice wajen sauya wannan. A 1955, yana ɗalibi ɗan shekara 18, ya fara wani ɗan shiri na minti biyar a wata tasha a birnin Washington. Ya lura cewa gefen hoton talabijin ya isa ya ɓoye mutum, ba sai an kafa akwati ba: mai wasa ya ɗaga hannu sama, kyamara ta ɗauki abin da ke sama kawai, shi kuma yana kallon aikinsa a wata ƙaramar talabijin da ke ƙasa. Ya kuma koma ga soso da yadi mai laushi maimakon icce, domin kyamara tana matsowa kusa, kuma busasshiyar fuska ba ta iya nuna damuwa ko murna a kusa.

Kermit, kwaɗon nan da duniya ta sani, da tsohuwar kwat ɗin mahaifiyar Henson aka fara yin sa, idanunsa kuma ƙwallon tenis na tebur ne aka raba biyu. Ina yawan tuna wa masu cewa sai sun tara kuɗin kayan waje wannan labari.

Da wace iri ya kamata in fara?

Da mai baki da ƙarafan hannu, wadda mutum ɗaya ke sarrafawa. Akwai mai hannun gaske, wadda ake zura hannu a cikin safar hannunta don ta iya ɗaukar cokali ko alƙalami, amma tana cin mutum biyu: ɗaya ya riƙe kai da hannu guda, ɗaya ya riƙe ɗaya hannun. Akwai wadda ake shiga cikinta gaba ɗaya, irin Big Bird, ƙaton tsuntsun shirin yara na Amurka mai suna Sesame Street, mai tsawon kusan mita biyu da rabi, wanda Caroll Spinney ya shiga daga 1969 har 2018, hannunsa na dama a miƙe sama cikin kan tsuntsun, da 'yar talabijin ɗaure a ƙirjinsa. A zafin Afrilu na Sakkwato wannan ba aikin farawa ba ne. Masu zare da ake saukowa da su daga sama kuma suna da wuyar daidaita baki da magana.

Waɗanne kaya ake bukata, kuma ana samunsu a Sakkwato?

Kusan duka. Soso mai kaurin rabin inci yana wurin masu yin kujerun kushin da masu sayar da katifa, kuma sau da yawa ragowar da suka yanke ta isa kai guda. Gam shi ne irin na masu gyaran takalmi, wanda ake shafawa gefe biyu. Fatar jikin 'yar tsana kuwa, ka shiga layin 'yan gwanjo a Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa ka nemi rigar sanyi ko bargo mai laushi, mai ɗan gashi-gashi, wanda in ka ja shi yake miƙewa ya koma. Atamfa da shadda ba sa miƙewa, don haka na tufafinta ne, ba na fuskarta ba. Kayan jarirai na ɗan shekara ɗaya zuwa biyu sukan yi mata daidai.

Farantin baki, wato abu mai tauri da ke zama cikin bakin 'yar tsana, ana yanka shi daga murfin robar fenti ko jikin jarka. Kwali yana aiki a gwaji, amma yana shan gumin hannu ya yi laushi. Ƙarafan hannu daga tsohuwar lema ake cirowa, a yi musu mariƙi da ɗan icce. Idanu, cokalin roba fari ko ƙwallon tenis na tebur. Muna da wata gata da wasu garuruwa ba su da ita, wato dukawa da fatar jar akuyarmu da ta yi suna har ƙasashen waje. Baduku zai ɗinka maka aljihun yatsu a jikin farantin baki wanda zai daɗe yana aiki, ya kuma yi mata 'yar jaka da za ta fito da ita Basakkwata sosai.

Yaya ake haɗa kan?

Daga baki ake farawa, kuma da hannunka ake auna shi. Ka ɗora tafinka a takarda, ka zana siffar ƙwai da ta ɗan fi shi faɗi, ka ninka ta biyu, ɓangaren sama ya ɗan fi na ƙasa tsawo. Ka yanka robar gida biyu, ka haɗa su da ƙyalle mai ƙarfi a wurin ninkin don baki ya riƙa buɗewa ba tare da tirjiya ba. Ka sa aljihun yatsu huɗu a sama, na babban yatsa a ƙasa, su kama hannu tsam. In yatsu suna yawo a ciki, baki zai riƙa makara a bayan magana, kuma babu gwanintar da za ta gyara wannan.

Ƙoƙon kai kuma ana fara zana shi a takarda, a yanka soson da sabuwar reza a tsaye, ba a karkace ba. Ana cire 'yan tsinin soso daga gefe, a haɗa bakin wurin da aka cire, shi ke sa shimfiɗaɗɗen soso ya dunƙule, kamar yadda tela ke tsuke riga ta bi jiki. Ka shafa gam kaɗan a gefe biyun, ka jira har in ka taɓa da yatsa ya ɗan kama amma bai biyo ka ba, sannan ka matse su a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Mai gaggawa ya haɗa shi da danshi, gobe ya tarar ya buɗe.

Gam ɗin nan ɗan'uwan sholisho ne. A yi aikinsa a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa, nesa da wuta, a rufe gwangwanin da an ɗiba, kuma kada a bar shi inda yara za su kai hannu.

Ɗinkin fuska yana fitowa ɓaro-ɓaro a kyamara. Yaya ake ɓoye shi?

Da ɗinkin hannu. Jiki da hannaye a ba keke, amma layin da ya ratsa tsakiyar fuska sai allura da zare mai launin yadin, ana ɗaukar ɗan kaɗan daga wannan gefe, ɗan kaɗan daga wancan, a ja su haɗu baki da baki. In an gama a bi layin da tsinin allura ko tsohon buroshin haƙori, a tono gashin yadin da ya shige ciki, ya rufe zaren. Masu yin hular hannu ba sa shan wahalar koyon wannan.

Na gama komai, amma tana kallo kamar ba rai. Ina matsalar take?

Kusan kullum a ido take. In ka sa baƙin ido a tsakiyar farin daidai, za ta yi kamar mai kallon bayan gari. Ka ɗan matso da baƙaƙen biyu wajen hanci, ka ɗan sauko da su, sai ka ga ta tsayar da kallo a kan wanda ke gabanta. Wani mai suna Don Sahlin, wanda ya haɗa wa Henson da yawa daga cikin 'yan tsanansa, ya shahara da kula da tazarar da ke tsakanin idanu biyu da hanci da baki, domin a nan halin fuska yake. Idanu kusa da baki suna ba da yarinta, nesa da shi suna ba da girma. Gira kuwa, ɗan karkata ta kaɗan ya isa ya mai da mai fara'a mafaɗaci.

Kada ka liƙa ido da gam sai ka gwada. Ka kafa shi da fil, ka kunna kyamara, ka duba a allo, ka matsar, ka sake dubawa. Baƙin ido shi ne abu na ƙarshe da ake sawa. In farin yana ƙyalli, a goge shi da lallausar takardar sanfefa don kada fitila ta haska a ciki. Sauran rabin matsalar kuma a hannunka yake, ka duba amsar da ke magana a kan monita, wato allon da mai wasa ke kallon aikinsa a ciki.

Yaya ake daidaita baki da magana, musamman da Hausa?

Ƙa'ida ta farko: babban yatsa ke sauka, yatsu huɗu na sama su tsaya. Mutum haɓarsa ke motsi in yana magana. Sabon shiga yakan ɗaga yatsun sama, sai kan 'yar tsana ya riƙa wuntsilawa baya, idanunta suna kallon rufi a kowace kalma. Ta biyu: ana buɗe baki ne a kan gaɓa, a rufe a tsakanin gaɓoɓi. Da yawa suna yin akasin haka, suna datse baki a kan sautin kamar masu cizon iska. Ka ɗan tura wuyan hannunka gaba tare da kowace buɗewa, kamar kana miƙa kalmar.

Hausa tana taimakon mai wannan aiki, domin gaɓoɓinta a fili suke. Dogon wasali yana son buɗewa sosai, gajere kaɗan: a "gida", ɗan buɗewa a "gi", babba a "da". Inda baƙi ya ninku, kamar a "sannu" ko "Sakkwato", baki yana ɗan tsayawa a tsakiya kafin ya sake buɗewa. A kan "b" da "ɓ" da "m" dole leɓɓa su haɗu, in ba haka ba ko yaro zai ji wani abu bai zauna ba. In magana ta yi sauri ba kowace gaɓa ake bi ba, a kama ta farko da ta ƙarshe da masu nauyi a tsakiya.

Ka fara da ƙirga ɗaya zuwa ashirin da hannu tsirara, ba 'yar tsana. Daga nan ka kunna labaran Rediyon Rima ka bi bakin mai karantawa. In an yi shiru, baki ya rufe ruf.

Dole sai da monita? Madubi bai isa ba?

Bai isa ba, kuma yana koyar da abin da sai an sha wahala kafin a manta. A madubi in ka kai hannu dama, hoton ya tafi dama. A monita kuwa abin da kyamara ke gani kake gani: ka kai dama, 'yar tsana ta tafi hagun allo. Kwanakin farko za ka so ta kalli abokin maganarta, sai ka ga ta juya masa ƙeya. Kowa da haka ya fara. Ana ci gaba da yi kullum, ko na minti goma sha biyar ne, har wata rana hannu ya daina tambayar kai.

Abin da ya sa ba makawa shi ne, kanka yana ƙasa, ba ka ganin fuskarta. Monita ce kawai za ta gaya maka ko tana kallon kyamara ko saman kyamara, ko ta karkace, ko ta nutse, ko gashin kanka ya leƙo cikin hoto. Mai wannan sana'a ɗan wasa ne kuma ɗan kallo a lokaci guda. Ga yadda abin yake a wurin ɗauka: mutum yana durƙushe a kan tabarma, hannun dama a miƙe kusa da kunne, gumi na bin gwiwar hannu, ƙaramar talabijin jingine da bulo a gaban gwiwoyinsa, takardar magana liƙe a gefenta. Idonsa bai taɓa barin allon ba, amma a cikin allon wata tsohuwa ce ke harare jikanta.

Ba sai ka sayi ta 'yan fim ba. Tsohuwar ƙaramar talabijin da igiyar HDMI mai kawo hoto daga kyamara ta wadatar. Mai aiki da waya ya lura: kyamarar gaba takan nuna hoto irin na madubi, don haka a yi aiki da ta baya a tura hoton zuwa wani allo, a kuma tabbatar hoton ba ya makara, domin jinkirin rabin daƙiƙa ya isa ya rikita baki.

Hannuna yana mutuwa bayan minti biyu. Haka kowa yake ji?

Haka ne, kuma yana raguwa. Ka miƙe hannun sosai kusa da kunne maimakon ka tura shi gaba a lanƙwashe, domin a miƙe ƙashi ke ɗaukar nauyin. Ka rage wa 'yar tsana nauyi tun wurin haɗi: kada a cusa mata tsumma a kai, rawani ma a naɗa shi a kan soso. A yanka fitowa gajeru-gajeru, a sauke hannu da zarar darakta ya tsayar. Alamar gajiya ita ce ta fara nutsewa a hoto kaɗan-kaɗan. In kafaɗa tana suka maimakon gajiya, a huta, in ya ci gaba a ga likita. Da azumi kuma a mai da ɗauka bayan an sha ruwa.

Yaya ake ɓoye masu wasan?

Manyan kamfanoni suna ɗaga dandalin ɗauka kamar mita ɗaya daga ƙasa, masu wasa su tsaya a ƙarƙashi. Haka aka yi wa Frank Oz lokacin da ya sarrafa Yoda a fim ɗin Star Wars na 1980. Mu a nan gidajenmu sun riga sun ba mu maɓoya: gajeriyar katanga, taga, zana, kantar mai shago, bayan buhunan gero. A sa kyamara daidai tsayin idon 'yar tsana, ƙasan hoto ya yanke a ƙugunta. Kada ta ɓullo daga ƙasa kai tsaye. Ta shigo daga gefe tana ɗan sama da ƙasa kamar mai taku, ta fita haka nan.

Koren labule yana ba da damar sauya bango a kwamfuta wurin tacewa, har a goge mai wasa in ya sa koren kaya. Amma yana son haske daidai ko'ina, gashin 'yar tsana kuma yana ba mai tacewa wahala. In kwaɗo ko wani abu kore za a ɗauka, sai a koma shuɗin labule.

Murya fa? A wurin ake ɗauka ko daga baya?

A wurin, kuma daga bakin mai riƙe da kan. In wani ya yi magana wani ya motsa baki, numfashinsu ba ya haɗuwa. Waƙa ce kawai ake ɗauka tun da farko a bi ta. Tun da mai wasa ƙasa yake kallo, ƙaramin makirufo a ƙirji yakan kwashi gogar riga, shi ya sa ake ɗaure shi da ƙyalle a goshi yana fuskantar baki. Janareta a kai shi nesa, fanka a kashe ta lokacin ɗauka.

Ka zaɓi muryar da za ka iya riƙewa awa uku ba tare da maƙogwaro ya dushe ba. Kuma don Allah kada a ji kunyar Sakkwatanci. Tsohon da zai leƙo ta taga ya ce wa yaro "Kai, mi kaka yi nan?" ya riga ya shiga zuciyar yaran Sakkwato da Kabi da Zamfara da Ƙonni kafin ya faɗi darasinsa. Sai dai a yi shi da mutunci, ba a mai da karin harshen abin dariya ba.

Zafi da ƙurar Sakkwato ba za su lalata ta ba?

Za su lalata ta in aka yi sakaci. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma cikin rufaffiyar mota ko shagon kwano ya fi haka nesa. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da 'yar bindiga yana sakin abin da ya riƙe a irin wannan zafi, don haka kada a dogara da shi a ido ko baki. Hasken rana kai tsaye yana sa soso ya yi rawaya ya fara marmashewa. Da hunturu ƙura tana shiga gashin yadi, da damina kuma gumin da ya kwana a ciki yana kawo wari da fumfuna.

A ɗinka mata zanen ciki na auduga wanda za a iya cirewa a wanke, mai wasa kuma ya sa doguwar safar hannu. Bayan aiki a bar ta ta sha iska a inuwa, sannan a kafa ta a kan kwalbar da aka cika da rairayi, a lulluɓa mata rigar matashin kai, ba leda ba. Ba a tsoma ta a ruwa, sai dai a goge da ɗanyen tsumma a kaɗe ƙura da buroshi mai laushi. A ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da ɓeraye. Wadda za ta fito a kowane shiri, a yi mata ta biyu tun zanen yankanta yana hannu.

Mace za ta iya wannan aiki?

Ƙwarai kuwa, kuma ana bukatarta, domin muryar yarinya da ta uwa daga bakin mace suka fi zama. Fuskar mai wasa ba ta fitowa a hoto, abin da ya sauƙaƙa wa 'yan'uwa mata da ba sa son bayyana, ya kuma sauƙaƙa wa iyaye da mazaje amincewa. Irin mai hannun gaske da aka ambata a sama tana sa mutum biyu su matsu wuri guda, sai a haɗa mace da mace. In tsayi ya bambanta, a sa wa gajere abin takawa don kawunan 'yan tsana su daidaita.

Za a iya haɗa ta da yara a fitowa ɗaya?

A nan ma ta fi armashi. Yaro yakan manta da mutumin da ke durƙushe a gabansa, ya dubi 'yar tsana ido cikin ido ya gaya mata abin da ba zai gaya wa malaminsa ba. Saboda wannan amana, a bar su su gaisa kafin a kunna kyamara, wanda ya tsorata kada a tilasta shi, kuma kada a cire ta daga hannu a yar a gabansu. A nemi izinin iyaye a rubuce. Manyan 'yan wasa su ne sukan manta su riƙa kallon mai wasan, sai an tuna musu su kalli idon 'yar tsana.

In na ɗinka irin Elmo ko Kermit na sa musu sunan Hausa, akwai laifi?

Akwai. Elmo na Sesame Workshop ne, masu shirin Sesame Street, Kermit kuma yana hannun kamfanin Disney tun 2004. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare irin waɗannan ayyuka, YouTube da Facebook ma sukan sauke bidiyo in mai abu ya kai ƙara. Hanyar haɗawa ta kowa ce, siffa da suna ne ke da mai su. Mu da muke da Gizo da Ƙoƙi, da kura, da dila malamin daji, da Botorami, ba mu rasa waɗanda za mu ɗinka ba, kuma kowace kaka a garin nan ta san halinsu.

Ana iya yin na siyasa, masu kama da shugabanni?

An yi a wurare da dama: Spitting Image a Ingila daga 1984, Les Guignols a Faransa daga 1988, da The XYZ Show a Kenya daga 2009. Irin waɗannan ba da soson katifa ake yi ba. Ana sassaƙa fuskar da yumɓu, a yi mata mazubi, a zuba roba, aiki ne mai tsada kuma robar ba ta jure zafi. Ban da haka akwai dokar ɓata suna, da ƙa'idojin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ga duk abin da za a watsa, da Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa ga fim. Siffar ta fi kusa da mutum na gaske, don haka tambayar halacci da aka amsa a sama tana ƙara nauyi a nan. A ganina, a garin da ake girmama sarauta da malamai, ƙirƙirarren hali irin ɗan kwangilar da bai gama aiki ba zai isar da saƙo ba tare da an ci fuskar kowa ba.

Wa zai sayi wannan aiki?

Tashoshi irin su NTA Sakkwato da talabijin ta Rima suna da filayen yara, akwai kuma tashoshin Hausa na tauraron ɗan'adam irin su Arewa24. Makarantu suna son abin da zai koyar da baƙaƙe da ƙirga da ladubba. Masu aikin lafiya suna neman hanyar isar da saƙon rigakafi, da gidan sauro, da wanke hannu, da tsabtar baki, musamman a garin da ke da asibiti na musamman don cutar Noma mai cin fuskar yara. 'Yar tsana tana iya tambayar abin da babba zai ji nauyin tambaya, ta yi kuskure a gyara mata ba wanda ya ji kunya.

Kada ka je wurin kowa da bayanin baki. Ka ɗauki gwaji na minti uku zuwa biyar, da 'yan tsana biyu, da sauti mai kyau, ka fara nuna wa yaran gidanku ka lura da inda suka daina kallo, ka gyara, sannan ka kai. In an zo yarjejeniya, a rubuta a fili wa ya mallaki 'yar tsanar da sunanta bayan shirin ya ƙare, sau nawa za a maimaita nunawa, da wanda zai biya kuɗin gyaranta in ta lalace a wurin aiki.